Ranar da Aka Sauke Jinka

Sista Marwa, shugabar masu jinya a sashen tiyata na wani asibiti, ta je wajen Malam Ilu mai kula da kwamfutocinsu da ƙorafi. Ta ce ta shigar da sunan wata mara lafiya a manhajar tsara tiyata don a yi mata aiki, manhajar ta kama ɗakin tiyata, ta kama likita, sai kwamfutar ma'ajiyar jini da ke can wani gini ta ƙi amsawa. Maimakon manhajar ta riƙe abin da ta samu, sai ta saki ɗaki, ta saki likita, komai ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Malam Ilu ya jawo mata kujera, ya ce bari ya ba ta wani misali.

Wani manomi ne, in ji shi, ɗakin mahaifiyarsa ya fara yoyo, tsohuwar kuma ga tari. Ya gina mata sabon ɗaki zagayayye, ya ɗaure jinka a ƙasa, ya baibaye ta da shuci mai kauri, ya kira gayyar maƙwabta su taya shi ɗorawa. Jinkar babba ce, wanda ya kama ta daga gabas ba ya ganin wanda ya kama daga yamma. Don haka a garin nan suna da wani dattijo da ba ya sa hannu a ɗauka, aikinsa kira ne kawai. Idan an ɗaga jinka zuwa kafaɗa, sai ya tambayi kowane ɓangare ko sun riƙe, ya saurari amsar kowa, sannan ya ce a ɗora. Ranar nan hadari ya haɗo, iska ta fara kaɗa ganyen dalbejiya. Aka ɗaga. Gabas suka ce sun riƙe, yamma da kudu ma suka amsa, arewa shiru. Dattijo ya sake kira, shiru. Manomi ya dubi sama, ya dubi bangon da ya sha wahalar ginawa yana tsaye ba rufi, ya roƙi dattijo ya bari a ɗora, ai iska ce ta hana su ji, kuma yawancin mutane sun amsa. Dattijo ya ce, "Shiru ba amsa ba ce. A sauke, a mayar da ita inda aka ɗauko ta." Aka sauke a hankali, kowa ya zare hannunsa.

Da suka zagaya arewa, sai suka tarar da wani magidanci ƙafarsa ta burma cikin ramin gara har gwiwa. Nauyin jinka ya danne masa kafaɗa, numfashi ma da ƙyar yake ja, balle magana. Waɗanda ke kusa da shi kuwa sun tattara ƙarfinsu wajen tare masa nauyin, ba wanda ya iya buɗe baki. Da an ce a ɗora, da sauran ɓangarorin sun tura sama, jinkar ta karkato ta sauka a gadon bayansa. Ruwa ya zo kamar da bakin ƙwarya. Aka rufe kan bango da zana da tsofaffin tabarmi, duk da haka gefe ɗaya ya zaizaye, tsohuwa ta koma ɗakin yoyo da tarinta. Ran manomi ya ɓaci, ya ƙi kallon dattijo. Sai da rana ta fito bango ya bushe, aka gyara inda ya zaizaye, aka cike ramin gara, aka sake kiran gayya. Wannan karon kowane ɓangare ya amsa da ƙarfi, dattijo ya ce bismillah, jinka ta hau ta zauna daram, ba a sake taɓa ta ba. Bayan an kwana biyu manomi ya bi ta gonar magidancin nan, ya hango shi a sunkuye yana noma, iyalinsa na biye da shi suna shuka. Ya tsaya ya daɗe yana kallon bayan nan da ke lanƙwasawa yana miƙewa lafiya lau. Daga nan bai zarce gida ba, sai ƙofar dattijo. Ya durƙusa ya ce, "Baba, Allah ya saka da alheri da ka ƙi jin maganata."

Malam Ilu ya ce haka manhajar take. Ɗakin tiyata, jerin aikin likitoci da ma'ajiyar jini kowanne da kwamfutarsa, ba sa ganin juna, sai wata guda a tsakiya da ke tambayar kowa ko ya shirya. In duka sun amsa, ta ce a tabbatar, abin ya zauna ko da wuta ta ɗauke. In ɗaya ta yi shiru, kowa ya saki abin da ya riƙe.

Sista Marwa ta ce ta san yadda ake ji idan an riga an kwantar da mutum, likita ya sa safar hannu, sannan a gano babu jini irin nasa. Ta ce ta gode wa Allah da matar nan tana kan gadonta tana shan kunu, za a sake shigar da sunanta da zarar an gyara layin ma'ajiyar.

Malam Ilu ya ce shi ma kullum yana gode wa waɗanda suka koya wa na'ura ta san lokacin fasawa, don tun kafin a ƙera ta Bahaushe ya ce, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.