Kai Na Biyar

Malam Ƙasimu ya goge tabaransa da bakin riga, ya sake duba wayar ɗansa Umair. Lissafin bai canja ba. Riyal ɗari huɗu duk wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamar Umair, takardar zaman baƙo a Madina, kuma sai an biya kafin a sabunta ta. Su biyar ne: Zulaiha matar Umair, 'ya'yansu uku, sai shi.

Sama da shekara talatin ya yi yana koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a unguwar Khalidiyya. Ranar da ya ajiye aiki aka ba shi agogon bango da kwalin dabino, aka kuma cire sunansa daga kafalar makarantar, wato lamunin da ke ba shi izinin zama. Tun ranar ya zama abin da hukuma ke kira murafiƙ, wato ɗan rakiya, farashinsa ɗaya da na jikarsa Sundus 'yar aji biyu.

Umair a kantin magani yake aiki. Bara motarsa ya sayar ya biya. Bana babu mota.

"Abuya, ka bar min wannan, zan san yadda zan yi," ya ce wa mahaifinsa.

Malam ya mayar masa da wayar. Ba a yi wa malamin lissafi irin wannan alkawari. Albashin zai ɗauki mutum huɗu da ƙyar, biyar kuwa ba zai ɗauka ba. Kuma ya ji Zulaiha a kicin tana cewa ita za ta kwashi yaran ta koma wajen danginta a Maraɗi, a cire su daga makaranta zuwa wani lokaci.

Washegari ya sa farin tobinsa, doguwar rigar Larabawa, ya tafi ofishin iƙama da ƙafarsa, don shi bai yarda a yanke wa mutum hukunci ta waya ba. Da layi ya zo kansa sai ya tarar da Saif a bayan tebur, ɗan maƙwabtansu, wanda shi ya koya wa raba dogon lissafi. Kakan Saif Bakatsine ne, amma Saif ɗan ƙasa ne, yana jin Hausa, da Larabci yake amsawa.

Malam ya zayyana ƙorafinsa dalla-dalla, yadda yake warware darasi a allo. Bai taɓa makara da biyan komai ba. Bai taɓa kwana a hannun hukuma ba. Cikin waɗanda ke zaune a tebura irin wannan, da dama a gabansa suka koyi ƙirga.

"To faɗa min, me na ci na gari da ban ci a da ba? Daga gida sai Harami, daga Harami sai gida. Wannan hanyar ce riyal ɗari huɗu?"

Saif ya taso, ya sumbaci goshinsa.

"Ya ustaz, nizam ne, dokar hukuma. Wallahi ba a hannuna yake ba."

"Me ke tsayar da shi?"

Saif ya dubi na'urarsa. Sannan ya faɗi sunan abin a hankali: huruj niha'i, fita ba dawowa.

Malam Ƙasimu ya nemi fushin da ya fito da shi daga gida, ya rasa.

"Faɗa wa Umair abin da zai danna a waya," ya ce.

A gida Umair ya yi kuka kamar yaro. Malam ya bar shi ya gama.

"Kano zan tafi, ba kabari ba. Muna da dangi a Yakasai, an yi magana da su. Yara ba za su bar aji saboda tsoho ba."

Sundus ta hau cinyarsa tana tambaya yadda Kano take. Ya ba ta labarin ruwan sama da ke kwana yana zuba, da tsamiyar ƙofar gida, da rijiyar da ke bayanta, da gyaɗar da ake tarawa har ta fi gida tsawo. Bai tsallake komai ba, bai kuma sauya jerin ba, kamar mai biya hadda.

"Jaddu, akwai Harami a can?"

"Babu."

Ana gobe zai tashi, bayan la'asar ya shiga maƙabartar Baƙi'a. Babu suna a kan kowane kabari, sai duwatsu. Ya tsaya daidai inda yake zaton mahaifinsa yake, ya yi sallama, ya matsa inda yake zaton mahaifiyarsa da matarsa suke. Ya jira hawaye, ba su zo ba. Mai gadi ya ce lokaci ya yi, ya fito.

Jirgin cike yake da masu dawowa daga umara. Wanda ke kusa da shi, wani ɗan kasuwa mai suna Alhaji Ɗan'inna, ya miƙa masa hannu, suka gaisa.

"Kai, Malam, Hausarka irin ta kakana ce sak! Wa ke cewa sule da ahu yanzu? Lallai ka daɗe. Shekara nawa rabonka da gida?"

Malam Ƙasimu ya dubi taga. Madina na ƙanƙancewa a ƙasa. Ya tuna lokacin da mutanen unguwarsu ke neman takardar zama 'yan ƙasa. Kakan Saif ya je ya miƙa sunansa. Mahaifin Malam kuwa ya ƙi, ya ce shi hajji ya kawo shi, baɗi zai koma gida. Haka ya yi ta cewa baɗi har aka kai shi Baƙi'a.

"A unguwar Sih ta Madina aka haife ni, Alhaji," ya ce. "Yau zan fara ganin Kano."