Jan Layin Madam Ali

Ranar Litinin ma na'urar ta ja jan layi a ƙarƙashin aikin Madam Ali, daidai inda ta ja a makon jiya.

Aikin biron nan, wato ofishin fassara na Madawa, ba shi da wuyar ganewa. Sanarwa takan zo daga Yamai da Faransanci: yaushe za a dasa albasa, wane magani ne ba a fesawa kusa da rijiya. Masu fassara su mayar da ita Hausa, kowa ya shiga ɗakin ɗaukar murya ya karanta tasa, a tura wa manoman Madawa da Buza da Keita ta waya. Abin da ka rubuta, shi za ka faɗa da bakinka. Amma kafin nan sai rubutun ya bi ta na'urar duba fassara. Ita kuwa ba ruwanta da daɗin magana, sunaye da lambobi take bi. In ɗaya ya ɓace tsakanin Faransanci da Hausa, ta ja layi.

Muttaka Hamani, sabon shugaban sashen da suke kira shef, shi ya kawo na'urar, kuma ba ya son a taɓa masa ita. Yana da dalili. A Abijan ya tashi a hannun babansa, Hausarsa ta isa cinikin tsire, amma ba ta isa gyara wa 'yan yankin nan na Adar magana ba. Saboda haka duk abin da na'urar ta ce, shi ke nan an gama.

Kowace sanarwa da layi ɗaya take ƙarewa: mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi Muttaka Hamani. Kowa haka yake fassarawa, ban da Madam Ali. Ita "shugaban sashe" take rubutawa, ta sa aya.

Ita ce mafi daɗewa a wurin. Da sunan mijinta na biyu ake kiranta, kamar yadda ake yi wa matan biro. Akwai tsofaffi a ƙauyen Tama da ba sa dasa ko ƙwaya ɗaya sai sun ji muryarta. Ga ta da barkwanci, ta tsokani direba, ta tsokani mai gadi, ranar kasuwa ta raba wa kowa ƙosai. Muttaka ma yakan tarar da nasa a rufe kan tebur, bai taɓa tambayar wanda yake ajiyewa ba. Amma da zarar ya shigo sai dariyarta ta ɗauke, ta dubi bango. In tana da magana da shi, sai ta faɗa wa Ɗan'azumi mai ɗaukar murya, alhali ga shi tsaye a gabanta.

Muttaka ya san sunan wannan abu, raini ne. An ɗora mata yaro a kai, ta rasa yadda za ta yi da shi, shi ne take goge shi daga takarda. Abin yana cin ransa fiye da yadda yake nunawa, don a biron kaf ba wanda yake son ya burge kamar ita.

Dokar Yamai a fili take: mai maimaita kuskure bayan gargaɗi, ba a sabunta masa kwantiragi. Ya gargaɗe ta da baki, ya gargaɗe ta a rubuce. Ta karɓi takardar da hannu biyu, washegari ta rubuta "shugaban sashe".

Don kada a ce ya yi zalunci, ya kwaso tsofaffin ayyukanta na tun kafin zuwansa ya zuba wa na'urar. Shafi bayan shafi fes, ba lambar da ta kauce. Can sai ga ja. Wani Muttaka na Tabotaki da aka yaba wa rumbun albasarsa ya koma "wani bawan Allah". Wani Muttaka mai allurar shanu a Azarori ya koma "likitan dabbobi". Muttaka ya daɗe yana kallon allon. Daga bisani ya yanke cewa tsohuwar cuta ce, ya haɗa rahoto, ya bar shi a wayarsa, saura dannawa ya tafi Yamai.

Da safe ya bi ta har ɗakin ɗaukar murya. Ya miƙa mata sanarwar da ya gyara da hannunsa, Ɗan'azumi ya kunna na'urar ɗaukar murya ba tare da ya dubi kowa ba.

Ta karanta maganar ban ruwa, ta karanta maganar tsutsa, murya a natse kamar kullum. Da ta zo layin ƙarshe ta tsaya.

"Madam Ali, kalma biyu ce," in ji Muttaka. "Ki faɗa, in goge rahoton nan yanzu."

Ta sunkuyar da kai kan takardar. Ya ɗaga wayar yadda za ta gani, ya jira har hannunsa ya gaji. Yana fata ta yi masa ko da faɗa ne. Ba ta ko ɗago ba.

Ya danna.

Madam Ali ta cire tabarau ta naɗe, ta ajiye takardar a kan kujera, ta gyara mayafinta. Sai da ta kai bakin ƙofa ta tsaya, fuskarta tana wajen bango.

"Ɗan'azumi, hwaɗa ma shef na'urarshi ba ta yi ƙarya ba. Amma nan Adar mace ba ta kiran sunan ɗanta na hwari, ko da tun yaye anka ɗauke mata shi anka kai Abijan."