Kunnen Habibu da Hannun Yayansa

Jama'a, a wani ƙauye na gefen Tarka akwai wani saurayi, Habibu, wanda ba a raba shi da wayarsa. Duk ranar kasuwar Belbeji sai ya je an cika masa katin waya, kuma ba ya zaɓe: kiɗan gita na Abzinawa, finafinan Indiya masu fassara, wasannin kokowa, labaran zane na Faransanci, har da bidiyon wani mutum da ya gina ɗaki da kwalabe. In ya samu rezo, wato sabis na waya, a kan tudu kuwa, sai abin da ya kwaso.

Ba zan ɓoye muku ba, ni ina son yaron nan. Ba shi da rowa. Da la'asar yakan zauna gindin bedi, wato dogon yaro, yana fassara wa tsofaffi labaran zanen, yana sauya murya, har mai gari ya yi dariya ya share hawaye. Aibinsa guda ne, ekuter, wato igiyar sauraren nan ta kunne. Da ita yake cin tuwo, da ita yake tafiya gona. Innarsu Rahinatu ta yi faɗa har ta gaji.

Da rani aikin gidansu shayar da dabbobi ne, kuma kun san rijiyoyin Damargu, sai ka leƙa ba ka hango ruwa ba. Sa ne ke jan igiya. Habibu ke kora san, ya yi nisa da rijiya, yayansa Almustafa kuma yana tsaye a baki yana jiran wasaki, babban gugan fata. In wasaki ya iso sama, sai Almustafa ya kama shi ya yi kira, Habibu ya tsayar da sa. In san bai tsaya ba, igiya za ta ja wasaki da hannun da ke riƙe da shi zuwa cikin ƙarfen da take gudu a kai. Hannun mai tsayuwa a bakin rijiya amana ne a kunnen mai kora sa.

"Habibu, cire abin nan in muna aiki," Almustafa ya sha faɗa masa.

"Yaya, ai ba na buƙatar kira. Da na kai aduwar can na san wasaki ya fito."

Gaskiya ne kuwa. Shekara uku yana tsayawa daidai aduwar, bai taɓa kuskure ba. Abin da ya ba shi ƙarfin gwiwa ke nan.

Wata safiyar Laraba Almustafa ya ga igiya ta lalace kusa da bakinta. Ya yanke wajen, kamu shida, ya sake ɗaurawa. Da Habibu ya iso da sa, ya ce masa, "Na rage igiya. Yau kada ka kai aduwa, ka saurari kirana."

Habibu ya gyaɗa kai yana murmushi. Sabuwar waƙa ce a kunnensa, jiya aka tura masa, kai yake gyaɗa mata. Ko kalma ɗaya bai ji ba.

Suka zura wasaki, ya cika. Habibu ya kora sa, idonsa a kan aduwa, yana bin kiɗa da leɓe. Wasaki ya fito, Almustafa ya miƙa hannun dama ya kama, ya yi kira. Sa bai tsaya ba. Ya sake kira, har sau huɗu. Matan da ke jiran ruwa suka ɗauki ihu, makiyaya suka ruga da gudu. Habibu bai waiga ba sai da wani Bafillatani ya cim masa ya fizge igiyar daga kunnensa.

A kan moto, wato babur, aka kai Almustafa gidan likita a Belbeji, daga can aka wuce da shi Damagaram. Ya dawo bayan kwana goma sha tara da babban yatsa da ɗan ƙaramin. Sauran ukun an cire. Mutum ne mai mata da 'ya'ya huɗu, da hannun nan yake riƙe hauya.

Babu wanda ya zagi Habibu, kuma da an zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya rame, ya daina zama gindin bedi. Shi ke zuba wa yayansa ruwan alwala, shi ke ɗaure masa tazuge. Duk wanda ya gan su sai tausayi ya kama shi, ban san wanda ya fi ba ni tausayi a cikinsu ba.

Wata rana da azahar Habibu yana zuba wa yayansa ruwa da buta, sai ya ce:

"Yaya, ka yafe mini."

"Na yafe tun a kan moto," Almustafa ya ce. Ya daɗe yana duban hannun, sannan ya ƙara, "Ba zafin ne ya tsaya mini a rai ba, Habibu. Sau huɗu na kira sunanka, ina kallon bayanka, kana taka rawa."

Habibu ya ajiye butar ya durƙusa, ya yi kukan da bai yi ba tun ranar.

Jama'a, kiɗa da fim ba laifi ba ne, suna da lokacinsu. Amma in lafiyar wani tana hannunka, a rijiya ne, ko kan moto, ko bakin injin niƙa, ka buɗe kunnuwanka biyu. Waƙa in ta wuce ka sai ka maido ta baya, yatsa kuwa ba ya dawowa.