Mahaƙin Kwata da Tafkin Garinsu

Kai da kake kukan cewa aikinka ya ƙi sauri, zauna ka ji misalin wani mahaƙin kwata. A wani ƙaramin gari yake, mutum ne mai zafin nama, wanda ko kunu a tsaye yake sha, ya ƙona harshe ya zagi ludayi. Shi ya haƙa babbar kwatar garin, miƙe sambal, ta kwashi ruwan wanke-wanke da na marina da na mahauta ta zuba a tafkin da ke gangaren gari. Yana alfahari da ita ƙwarai, yakan ce kafin mace ta kife tukunyarta ruwan da ta zubar ya isa tafki. Gaskiya ya faɗa kuwa, ya isa, da duk abin da ya ɗebo. Ba a daɗe ba tafki ya yi kore, karfasa ta riƙa tasowa ciki a sama, har sarkin ruwa ya hana su na shekara, wanda gari duka kan shiga da homa da gora. In iska ta kaɗo ɗoyi sai mutane su toshe hanci su ce, "Ga gaisuwar mahaƙi nan ta iso." Wannan magana ta fi komai yi masa ciwo, don a tafkin nan ya koyi iyo.

Da gari ya tashi gyara, aka ɗauko wata injiniya 'yar garin, ta tsara wurin tace ruwan datti. Ba wani abin mamaki ba ne: kududdufai ne a jere, ruwa ya kwanta a na farko laka ta zauna, ya malala na biyu rana ta gasa shi, sannan ya bi wata hanya mai kwane-kwane cikin ciyayi kafin ya ga tafki. Mahaƙi ya haƙa kwane-kwanen nan yana tsaki, ya ce ko maye ba zai yi tafiya haka ba. Da aka gama, don neman magana, shi aka ba tsaron ƙofar ruwan. Injiniya ta ce masa, "Baba, aikinka ɗaya ne, kada ka taimaki ruwan nan. Bar shi ya yi nawarsa." Mutumin da bai iya zama ba, ga shi an ba shi aikin zama!

Damina ta wuce, lokacin su ya matso, sarkin ruwa bai ce uffan ba. Mahaƙi ya duba kududdufin farko, baƙi ƙirin, kwance kamar ba ya motsi, haƙurinsa ya ƙare. Wata safiya ya saɓi diga, ya ce zai fasa gaɓa ya sake wa ruwan hanya a huta. Yana bin gefe yana neman inda zai sara, sai ya kai ƙarshen kwane-kwanen da ya raina, inda bai taɓa damuwa ya leƙa ba. Nan ya ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, ruwa na silalowa ta ƙarƙashinsa garau, har ana ganin tsakuwa, ƙananan kifaye suna wasa a bakin tafki. Ashe ruwan yana ta zuwa, shi ne dai bai je ya tarye shi ba. Ya yar da diga ya kama dariya shi kaɗai, har zalɓen ya tsorata ya tashi.

Bayan girbi sarkin ruwa ya sa aka yi shela. Ranar su aka cika tafki da kiɗa da guɗa, mahaƙi ya faɗa ruwa da rigarsa, ya fito rungume da tarwaɗa tana marinsa da wutsiya, murna ta hana shi jin zafi. Masu toshe hanci na da suka yi masa ca, suna cewa, "Yau kam gaisuwarka ta iso da daɗi!" Da yamma aka kawo masa kunu, ya nemi tabarma ya zauna, ya jira ya huce tukuna.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.