Ƙwaurin da Ya Ciyar da Sauro

Tsoho ya rantse shi ya fara gane darajar malamar nan mai binciken sauro. Da ta nemi mai miƙa ƙafa sauro ya sauka ta kama, kowa ya noƙe. Shi ya naɗe wando, don zazzaɓi ya taɓa ɓarar da cikin 'yarsa.

"Baba, ka zama abincin sauro!" in ji 'yar.

A ƙafarsa malama ta gano tun magariba sauron ke cizo. Masu ciki suka koma shiga gidan sauro da wuri.

Yau jikarsa, wadda 'yar tasa ta haifa lafiya bayan haka, ta dafa ƙwaurin mai tabo, ta miƙe tsaye.

Tsoho ya bugi ƙirji. "Mai musu ya zo ya ɗaga ta, ya ji nauyin ilimina!"