Benlin Malam Kalilu

Noti na ƙarshe ya yi gardama, sai da Zailani ya ɗiga masa baƙin mai ya ɗan jira. Da ya saki, kafireto ya faɗo a tafin hannunsa. Ya wanke shi da fetur, ya naɗe a tsumma, ya mayar da buhu ya rufe babur ɗin don kada idonsa ya ga abin da ya yi masa. Gobe Lahadi, Malam Kalilu na nan tafe.

Babur ɗin Honda Benli ne, tsohon yayi. Shekara tara Zailani ya yi yana tayar da shi, tun yana ƙwarangwal a hannun 'yan gwangwan. Ya kankare tsatsar tanki har yatsunsa suka yi kanta, ya fesa masa koren fenti, ya sa baduku ya ɗinke sirdin da jar fata. In ya taka shi, tun daga bakin kasuwar Mai'adua ake sanin mai zuwa.

To, amma wa ya rage da zai waiwaya? Samari sun koma sababbin babura, kanikawansu suna can bakin tasha. Rumfar Zailani sai awaki. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu suna Legas, waya sai da salla. Yakan wuni bai buɗe baki ba, in ban da amsa sallama a masallaci. Kaɗaici ya ishe shi, gaskiyar magana ke nan.

Wata Lahadi da damina, ruwa ya koro wani dattijo cikin rumfar, fes da shi, hannu sumul. Shi ne Malam Kalilu, tsohon malamin firamare daga Daura. Ya ce cin kasuwa ya zo, ko da yake ko leda babu a hannunsa. Ya tsaya yana kallon wani madubin Benli da ke rataye a ƙusa, Zailani ya tambaye shi ko yana da irin babur ɗin ne. Mutumin ya ce e, akwai, sai dai ya daɗe a kwance.

Ai kuwa ya sosa wa Zailani inda yake masa ƙaiƙayi. Har ruwa ya ɗauke ƙasa ta tsane, bakinsa bai huta ba, yana ta bayanin yadda ake tayar da mataccen inji. Malam Kalilu ya tafi da madubin, ya ce sai wata Lahadin.

Ya kuwa dawo. Matsalar ita ce babu sauran kayan Benli a rumfar, in kuma babu kaya, me zai taso mutum daga Daura? Nan Zailani ya ƙirƙiro wani mutumin Damagaram da ke turo masa kaya ɗai-ɗai. Mutumin Damagaram kuwa yana nan ɗakin baya, ƙarƙashin buhu. Fitila ta tafi, salansa ta bi ta, sai sirdin jar fata, sai koren tanki. Kowane mako abu ɗaya tak. Ba rowa ba ce, dabara ce: babur ɗaya, in an bi shi a hankali, ya isa hirar shekara.

Malam Kalilu mutum ne marar fitina. Bai taɓa zuwa da sunan abin da yake nema ba, duk abin da aka miƙo masa shi ne daidai. Bai taɓa dawo da kaya ya ce sun ƙi zama ba. Sukan dama fura su sha, Zailani ya tambayi aiki, shi kuma ya ce ana nan ana fama, ya maimaita masa shawarar makon jiya tiryan-tiryan. In an ce yaushe za a ga babur, sai ya ce saura ƙiris. Zailani bai matsa ba, don shi ma ba ya son a gama. Sabo turken wawa.

Lahadin kafireto, Malam Kalilu bai zo ba. Zailani ya zauna gaban kwanon fura da ludayi biyu har la'asar ta yi sakaliya. Ta gaba ma shiru. Lambar waya kuwa ba su taɓa karɓa ba, abin tsofaffi. Zuciya ta ba shi cewa mutumin ya samo sauran kayan a wani wuri, ya tayar da babur ɗinsa, ya gama da shi. Kwana biyu yana fushi shi kaɗai, daga nan fushin ya koma tsoro. Ran Laraba ya jefa kafireto a aljihu, ya hau motar Daura.

Matambayi ba ya ɓata. Wata maƙwabciya, Barakatu, ta nuna masa gidan. Ta ce zazzaɓi ne ya kwantar da Malam, kuma tun watsewar zaman makokin matarsa ba ta ga wanda ya zo neman ƙofar nan ba sai yau.

Zailani ya yi sallama. Zaure wayam, tsakar gida wayam, ko ɗigon baƙin mai babu a ƙasa. Wata siririyar murya ta ce ya shigo. Malam Kalilu na kwance kan katifa, ya zabge. A cikin kabad ɗin da mata ke jera kwanuka, ga madubi, ga fitila, ga sirdi, tanki a sama, salansa a jingine, kowanne an goge shi yana sheƙi.

"Malam, ina babur ɗin?"

Malam Kalilu ya juyar da fuskarsa bango.

"Ka yafe mini, Malam Zailani. Ranar da ka tambaye ni, na ga in na ce ba ni da babur, hirar ta ƙare ke nan. Ni da kake gani, ko keke ban taɓa iya hawa ba."