Kwamfutar Ɗakin Malam

Ranar sadakar uku na je Darmanawa ta'aziyyar malamin da ya kafa ɗan dandalinmu na sada zumunta. Dandalin ba na kamfani ba ne. A tsohuwar kwamfutar ɗakinsa yake, kuma magada na shirin kashe ta da hirarrakin mutum ɗari uku a ciki.

Na gaida matarsa murya ƙasa-ƙasa. Ta ƙura min ido.

"Ke ce 'yar Gyaɗi-Gyaɗin nan mai gyara musu manhaja, ba ki taɓa cewa uffan ba?"

"Ni ce, Hajiya."

Ta damƙa min takardar kalmar sirri. "Wasiyyarsa ce, 'yata. Ya ce masu surutu sun yi yawa, mai gyaran za a ba wa."